HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA: Jawabi a kan suranta buri a zuci

Wannan shi ne matanin jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwa matasa ya gabatar a zaman tattaunawa na mako-mako da ake yi bayan sallar La'asar. Mun kawo shi ne saboda roƙon waɗanda ba su samu halarta ba. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah (T), tsira da amincinsa su ƙara tabbata ga Manzonsa (S) da iyalan gidansa da sahabbansa managarta. 

Da farko ina neman afuwar malamaina da yayyena da ke zaune a wannan wuri, domin ni ba malami ba ne, ban kuma karanci ilimin ƙwaƙwalwa a wata makaranta ba. Aiki ne aka ɗora mini na je na yi ɗan bincike, abin da na samo kuma shi zan zube a gabanku. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure a gyara mini.

Asalin maganar, wani ɗan'uwa ne ya kawo tambaya a zaman da ya gabata. Ya ce akwai wasu bidiyoyi da ke yawo a wayoyinmu, inda za ka ga mutum ya sha kwat da nektayi yana cewa ka rufe idonka, ka ga kanka a cikin motar da kake so, ka ji ƙanshin kujerarta, ka yi haka safe da yamma, wai motar za ta zo ta same ka. Ɗan'uwan ya ce shi dai yana so ya sani, wannan abu gaskiya ne ko yaudara? To, amsar da na samo ba ta tafi gefe guda ba. Akwai gaskiya a cikin maganar, gaskiya mai ban mamaki ma kuwa, sannan akwai ƙaryar da aka cakuɗa da ita, wacce in mutum bai tace ba za ta iya cinye masa shekaru. Na san haka domin ni ta ci mini shekara guda cur.

Shekarar da na gama sakandare, burina shi ne na zama likita. Ba wanda ya koya mini wannan abu na rufe ido, da kaina na iya shi, kamar yadda na san da yawanku kun iya. Kullum bayan sallar Isha'i sai na shimfiɗa tabarma a soro na kwanta rigingine, sai fim ya fara. Ga ni nan da farar riga, abin sauraren ƙirji rataye a wuya. Ga ni na shigo layinmu yara suna cewa ga likita nan. Ga Innarmu a gidan biki mata suna ce mata uwar likita. Har launin motar na zaɓa, har sunan da zan sa wa asibitin da zan gina. Wallahi 'yan'uwa, in na tashi daga kan tabarmar nan sai na ji zuciyata wasai, kamar wanda ya yi wani gagarumin aiki. Littafin Kemistiri kuwa yana nan kan taga ƙura ta rufe shi, kullum gobe. A duk finafinan nan da na kalla a kaina, ko sau ɗaya ban taɓa ganin kaina zaune ina warware lissafi ba. Ban taɓa ganin ɗakin jarrabawa ba. Ranar jarrabawar shiga jami'a na zauna gaban kwamfuta, hannuna yana rawa a kan maus, agogo yana gudu a saman allo, tambayoyi suna kallona ina kallonsu. Da sakamako ya fito, kwana uku ban iya gaya wa Innarmu ba. Ba wanda ya cuce ni, ni na cuci kaina.

Magabata sun riga sun gama magana a kan irina, suka ce hangen Dala ba shiga birni ba. Fatake in sun doso Kano tun daga nesa suke hango dutsen, amma tsakaninsu da ƙofar gari akwai sauran tafiya, ga jakuna sun gaji, ga rana tana faɗuwa, ƙofofin ganuwa kuma a zamanin da rufe su ake yi in dare ya yi. Wanda ya sauke kaya ya zauna yana murna don ya hango Dala, a waje zai kwana. Amma ku lura, karin maganar ba ta ce hangen ba shi da amfani ba. Wanda ya hango Dala ai ya san inda zai sa gaba. Matsalar tana ga wanda ya ɗauki hange a matsayin isowa.

To bari mu fara da ɓangaren gaskiya, kuma ba sai mun je Turai ba tukuna. Ku tambayi duk wani mahaddaci da ke cikinmu. In yana karatu da ka ya kakare, me yake yi? Da yawansu za su ce maka shafin suke gani. Zai ce ayar tana shafin dama, can wajen ƙasa, layi na uku daga ƙarshe. Shi ya sa malaman hadda suke hana ɗalibi canza Mushafi, su ce wanda ka fara da shi, shi za ka riƙe. Bugun Madina da ya yawaita a Islamiyyunmu shafi 604 ne, galibin shafukan layi 15 ne, kuma an tsara shi yadda shafi zai fara da farkon aya ya ƙare da ƙarshen aya, don hoton ya zauna daram a zuciya. Haka alarammomin tsangaya da ke zama su rubuta Alƙur'ani sukutum da ka. Wannan fa surantawa ce. Amma ina tambaya, akwai mahaddacin da ya haddace ta hanyar kwanciya yana hango ranar walimarsa, da naɗin rawani da rabon shinkafa? Babu. Abin da yake surantawa shi ne shafin kansa, wanda ya riga ya wanke allo a kansa ko ya maimaita shi sau ba adadi. Ku riƙe wannan bambancin, don duk sauran maganata a kansa take tafiya.

Masana ƙwaƙwalwa sun gwada abin a ɗakin bincike. A shekarar 1995, wani likita ɗan asalin ƙasar Sifen mai suna Alvaro Pascual-Leone da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji da suka yi a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Sun samo mutanen da ba su iya kaɗa fiyano ba, suka koya masu wani ɗan gajeren tsari na danna madannai da yatsu biyar na hannu ɗaya. Wasu aka ce su riƙa dannawa da yatsunsu awa 2 kullum har kwana 5. Wasu kuma aka ce su zauna gaban abin na tsawon wannan lokaci, amma kada su motsa yatsa, a zuci kawai za su riƙa dannawa. Kullum ana auna sashen ƙwaƙwalwarsu da ke sarrafa yatsun da wata na'ura mai aiki da maganaɗisu. Abin mamaki, sashen ya faɗaɗa ga masu yi a zuci kusan kamar yadda ya faɗaɗa ga masu yi da hannu. Wato ita ƙwaƙwalwa, in ka suranta motsi filla-filla, yawancin hanyoyin da take bi in za ka yi motsin da gaske su take bi. Sai dai ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa: da aka zo gwada iyawa, masu yi da hannu sun fi. Ƙwarewar masu zuci a kwana na biyar ta yi daidai ne da ta masu hannu a kwana na uku. Sai da aka ba su dama suka yi awa 2 da yatsunsu sannan suka kamo su. Ba kiɗan ne ya dame mu a nan ba, yatsu ne da ƙwaƙwalwa, kuma yatsun nan su ne na tela, su ne na bakanike, su ne na mai gyaran waya.

Akwai ma wanda ya fi wannan ban mamaki. A 1992, Guang Yue da Kelly Cole na jami'ar Ayowa a Amurka suka gwada ƙarfin ɗan ƙaramin yatsa. Mako 4 ana horo, sau 5 a mako. Waɗanda suka riƙa tura yatsan da iya ƙarfinsu, ƙarfin ya ƙaru da kashi 30 cikin 100. Waɗanda suka riƙa suranta turawar kawai, nasu ya ƙaru da kashi 22. Kada wani ya ji wannan ya ce shi ke nan, daga yau a kan katifa zai riƙa motsa jiki. Ba tsoka ce ta ƙaru ba, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsokar ne ya ƙara ƙarfi da tsari. Kuma a nan ma mai yi da gaske shi ne a gaba.

Misalin da na fi so kuwa na wani ɗan wasan ninƙaya ne Ba'amurke, Michael Phelps, wanda ya ci lambar zinare 8 a gasar Olamfik ta birnin Bejin a 2008. Tun yana yaro mai horar da shi, Bob Bowman, ya saba masa da wani abu da suke kira sa kaset. Ba kaset ba ne na gaske. Kafin ya yi barci da kuma in ya farka, zai kalli tseren gaba ɗaya a zuciyarsa: yadda zai yi tsalle ya faɗa ruwa, yadda hannu zai shiga ya fita, juyawa a jikin bango, har taɓa bangon ƙarshe. Amma ba tseren da komai ya tafi daidai kaɗai yake kallo ba, har da wanda abu ya lalace, da abin da zai yi in hakan ta faru. To a Bejin, a tseren mita 200 na salon da ake kira malam-buɗe-littafi, yana faɗawa ruwa tabaransa na ninƙaya ya fara shan ruwa. Kafin ya kai zagayen ƙarshe ba ya ganin komai, ba layin da ke ƙasan ruwa, ba bango. Ku duba fa, shekara huɗu mutum yana jiran wannan minti biyun. Bai tsaya ba, bai firgita ba, sai ya koma ƙirga bugun hannunsa, domin ya san adadin da ke kai shi bango. Ya taɓa bango a minti 1 da daƙiƙa 52.03, ya zo na ɗaya, ya kuma kafa sabon tarihin duniya a wannan lokacin. Masu bidiyo suna son kawo labarin nan, amma a rabi suke yanke shi. Ba lambar zinare yake kallo a kaset ɗinsa ba, aikin yake kallo da matsalolin aikin. Sannan shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ya yi shekaru a jere bai tsallake ko rana ɗaya ba tare da ya shiga ruwa ba. Ƙirgen da ya cece shi a makance, a cikin ruwa ya samo shi, ba a kan gado ba.

Yanzu sai ɓangaren ƙarya. Yawancin abin da ake yaɗawa a wayoyin nan reshe ne na wata fikira da wata mata 'yar ƙasar Ostireliya, Rhonda Byrne, ta ƙara wa farin jini da fim da littafinta mai suna The Secret a 2006, wanda aka sayar da miliyoyinsa. Abin da fikirar ke cewa a taƙaice shi ne, tunani yana jawo abin da ya yi kama da shi kamar yadda maganaɗisu ke jawo ƙarfe. Ka yi tunanin kuɗi, kuɗi su zo. Babu wani gwaji na ilimi da ya tabbatar da haka. Gwaje-gwajen da na kawo maku duk suna magana ne a kan abin da tunani ke yi wa ƙwaƙwalwar mai tunanin da jikinsa, ba abin da yake yi wa kasuwa ko aljihun wani ba. Hukuncin wannan aƙida na bar wa malamai, su suka san shi. Amma ko ni ɗalibi na lura da abu biyu. Ta cire Mai bayarwa daga lissafi ta sa zuciyar bawa a gurbinsa, ta kuma cire aiki. Sannan in ka bi ta zuwa ƙarshenta, sai ka ce wanda ambaliya ta cinye wa gona, ko yaron da aka haifa da sikila, ko wanda 'yan fashi suka tare a hanya, duk su suka jawo wa kansu da mugun tunani. Wannan ai rashin imani ne da rashin tausayi a haɗe.

Abin ma bai tsaya ga rashin amfani ba, har cutarwa yana yi, kuma a nan ne na ga kaina tsaf kamar a madubi. Wata farfesa Bajamushiya, Gabriele Oettingen, wacce ta koyar a jami'ar Niyok da ta Hambug, ta kwashe shekaru masu yawa tana nazarin wannan mafarkin ido biyu. A wani binciken da ta wallafa a 2002 tare da Doris Mayer, sun tambayi ɗaliban da ke dab da gama jami'a yadda suke suranta samun aikinsu, sannan suka sake nemo su bayan shekara 2. Waɗanda suka fi nutsewa cikin daddaɗan hoton cewa aiki ya samu, su ne suka fi ƙarancin tura takardun neman aiki, suka fi ƙarancin samun tayi, albashinsu ma ya fi ƙanƙanta. Amma ku lura da wani abu, waɗanda suke kyautata zaton samu bisa dogaro da abin da suka taɓa yi a baya, su sun yi kyau. Ashe kyakkyawan zato mai dalili daban, mafarki daban. A 2011 kuma ita da Heather Kappes suka nuna cewa in aka sa mutum ya yi irin wannan daddaɗan hoto, kuzarinsa sauka yake yi, har a awon jininsa ana gani. Ma'ana zuciya ta ɗanɗani ladan tun kafin aiki, sai jiki ya saki, kamar an gama. Wannan shi ne wasai ɗin da nake ji in na tashi daga tabarma. Na ɗauka himma ce, ashe ƙoshi ne na wanda bai ci komai ba.

Ga ɗalibai kuma ga naku. A 1999 Lien Pham da Shelley Taylor na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis suka raba ɗalibai 'yan kwanaki kafin jarrabawa. Wasu aka ce su riƙa ɗaukar minti 5 kullum suna ganin kansu sun ci maki mai yawa suna murna. Wasu aka ce su riƙa ganin kansu suna karatun: a ina, yaushe, sun buɗe littafi, sun kawar da abin da ke ɗauke hankali. Masu ganin karatun sun fi daɗewa a kan littafi, sun fi samun natsuwa, sun kuma fi cin maki. Masu ganin murna kuwa ba su fi waɗanda ba a sa su yin komai ba. Minti biyar ɗin ɗaya ne, abin da aka kalla ne ya bambanta.

Da na kai wa wani malaminmu na Islamiyya wannan bayani sai ya yi murmushi, ya ce na je na duba Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, wato 1111, a babin da ya yi magana kan tsoro da fata. A can ya buga misali da manomi, zan faɗe shi da lafazina. Wanda ya nemi ƙasa mai kyau, ya shuka iri mai kyau, ya ba shi ruwa, ya cire ciyawa, sannan ya zauna yana jiran falalar Allah, jiransa shi ne fata. Wanda ya watsa iri a kan fako mai gishiri inda ruwa ba ya zuwa, bai kuma kula da shi ba, sannan ya zauna jiran girbi, wannan wauta ce da ruɗuwa. Na tsakiya, wanda ya shuka a ƙasa mai kyau amma ba ruwa, yana jiran ruwan sama a inda bai saba sauka ba, nasa shi ne guri. Malamin yana maganar Lahira ne, amma ma'aunin ya hau kan jarrabawa da sana'a da neman aure daram.

To yaya za a yi abin ya amfane mu? Ita Oettingen ba ta ce a daina hangen buri ba. Hanyar da ta fito da ita, wacce ta bayyana wa jama'a a littafinta na 2014, ita ce ka haɗa hoto biyu a jere, kuma jerin yana da muhimmanci. Ka fara da burin, amma wanda yake da wuya kuma zai yiwu, mai iyaka, ba irin "ina so na yi arziki" ba. Alal misali, kai yaron shagon ɗinki ne, kana so kafin ƙaramar Sallah ka iya yanka kaftani kai kaɗai ba tare da maigidanka ya tsaya a kanka ba. Ka ɗan tsaya ka ga hakan ta faru, ka ji daɗinsa, minti ɗaya ko biyu ya isa. Daga nan sai ka juya ka tambayi kanka, mene ne a cikina, ni kaina, yake tare hanya? Nan ne wurin yake da ɗaci, don zuciya za ta yi maza ta ce rashin wuta ne, ko maigida ne ba ya sake mini almakashi. Wataƙila haka ne, amma ba su ake tambaya ba. In ka matsa sai gaskiya ta fito: duk lokacin da maigida yake yanka, ni ina bakin shago ina latsa waya. Ko kuwa, tsoro nake ji kada na ɓata yadin mutane a yi mini dariya. To wannan ma ka surance shi, ka ga kanka a bakin shagon, wayar a hannu, maigida yana ja da alli a kan yadi kai ba ka gani.

Sannan ka ɗaure shi da shiri mai siffar "in kaza ya faru, zan yi kaza". Wannan ɓangaren daga binciken mijinta ne, Peter Gollwitzer. A wani gwajin da aka wallafa a 1997, an nemi ɗalibai a Jamus su rubuto rahoton yadda suka yi jajibirin Kirsimeti cikin kwana 2. An sa rabinsu su tsayar da lokaci da wurin da za su zauna su rubuta, rabi kuma ba a sa su ba. Sama da kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka tsayar sun rubuta a kan lokaci, ɗaya ɓangaren kuwa kusan ɗaya cikin uku ne kawai. Bambancin jimla guda ce da mutum ya faɗa wa kansa. Don haka ɗan'uwanmu tela zai ce, in maigida ya shimfiɗa yadi a tebur, zan sa wayata a aljihu na tsaya a gefensa na riƙe tef. In dare ya yi kuma sai ya maimaita yankan a zuci, daga awon kafaɗa zuwa wuya zuwa hammata, gobe ya gwada a kan takardar buhun siminti ko ƙyallen da aka zubar. Bakanike haka zai kwance kafireta a zuci bi da bi ya mayar, bayan ya gani da ido an kwance. Abin da ba ka taɓa gani ko taɓawa ba, ba ka da abin surantawa a kansa, sai dai ka ƙirƙiri kuskure ka yi ta maimaita shi. Kuma ba a son a daɗe. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa a 1994 ya nuna wajen minti 20 ya wadatar, amfanin kuma yana dusashewa in aka daɗe ba a sabunta ba.

Wani amfanin haɗa hoton biyu da ban zata ba shi ne, wani lokaci in ka kalli shingen da kyau sai ka gane burin ba naka ba ne, ko ba lokacinsa ba ne, ka sake shi ka kama wanda za ka iya. Ni da na zauna na yi wa kaina wannan hisabi a shekara ta biyu, sai na gane ba likitanci nake so ba, kiran "likita" nake so. Jini ma ba na iya kallo. Na canza abin da zan nema. Shirin da na ɗaura shi ne, in an sallame sallar Asuba ba zan koma soro ba, don na san tabarmar nan, zan zauna a barandar masallaci da tsofaffin tambayoyi har rana ta fito. Na roƙi wani ɗan'uwa mai shagon kwamfuta ya riƙa bari na zauna rabin awa in ba mutane, har hannuna ya saba. Daren jarrabawa abin da na kalla a zuci shi ne layin shiga, da kujera, da agogon nan, da tambayar da ban sani ba, da yadda zan tsallake ta na dawo mata daga baya. Washegari kuwa ta zo, ba ɗaya ba ma, na tsallake su. Alhamdu lillahi na samu abin da ya ishe ni shiga.

Kada kuma mu ɗora wa abin nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Ba zai biya maka kuɗin makaranta ba, ba zai buɗe masana'antar da aka rufe ba. Akwai waɗanda suka yi shiri ya fi nawa, suka yi aiki ya fi nawa, ba su samu ba, kuma ba don hotonsu bai fito da kyau ba ne. Mu ji tsoron Allah kada mu riƙa yi wa irinsu kallon masu laifi.

Akwai kuma wani ɗan'uwa da ya same ni kafin mu zauna, ya ce shi fa in ya rufe ido duhu kawai yake gani, ko fuskar mahaifiyarsa ba ya iya kawowa, yana tsoron ko wata lalura ce. Ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka. Tun a 1880 wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, ya tambayi mutane su suranta teburin da suka karya kumallo a kai, ya tarar wasu, har da manyan masana, ba sa ganin komai. A 2015 Farfesa Adam Zeman na jami'ar Exeter ya sa wa yanayin suna afantasiya. Mutane kaɗan ne a cikin ɗari suke haka, kuma suna karatunsu da sana'arsu lafiya lau. In kana cikinsu, ka bi matakan da baki, ko ka rubuta su, ko ka bi su da motsin hannu. Ko mu masu ganin hoton, rubutawar ta fi mana tsaro, don takarda ba ta yarda ka canza magana bayan kwana biyu.

Saboda haka mai gabatarwa ya amince, zama mai zuwa insha Allahu kowa ya zo da 'yar takarda mai layi huɗu: abin da yake so ya cim ma kafin wata uku, abin da zai samu in ya cim masa, shingen da ke cikinsa shi kansa, da jimlarsa ta "in kaza, zan yi kaza". Ba za a karanta ta kowa a bainar jama'a ba, kowa zai zaɓi ɗan'uwa ɗaya da ya yarda da shi ya ba shi ajiya, bayan wata uku a buɗe. Layi na uku ne zai ba ku wahala, kada a rubuta sunan gwamnati ko na maigida a wurin.

Na ga lokacin Magariba ya matso, masu tambaya a yi haƙuri sai bayan salla.